Fushi, Gaba da Ƙiyayya: Yadda Turanci Yake Rarrabe Zafin Zuciya, da Tasirin Haka a Kudancin Kaduna

A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar na Kudancin Kaduna, wato Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga, suka rattaba hannu a kan takardar da aka sani da Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. Cibiyar sasanci ta HD mai hedikwata a birnin Geneva ce ta shirya zaman, 'yar ƙasar Kenya Alice Nderitu kuma ta jagoranci shiga tsakani. Da Turanci aka rubuta takardar. Su kuwa masu sa hannun, wani Jju yake yi a gida, wani Tyap, wani Hyam, wani Fulatanci, in an haɗu a kasuwa ko a tasha Hausa ce take haɗa su. Ke nan abin da mutum ya ji a ransa sai ya ratsa harshe biyu ko uku kafin ya zauna a kan takarda.

Haka lamarin yake a kotu, haka yake a rahoton kwamitin bincike, haka yake a kanun jaridun Legas da Abuja. Turanci yana da tarin kalmomi na fushi da tsoro da baƙin ciki da nadama, mai karatu kuma yakan ɗauka duk abu guda suke nufi, sai dai wata ta fi wata nauyi. A gaskiya bambancinsu ya wuce na nauyi. Kowace kalma tana ɗauke da bayanin abin da ya jawo yanayin, da tsawon zamansa, da wanda aka nufa da shi, wani lokaci har da hukuncin mai magana a kan wanda yake ba da labarinsa. A yankin da aka sha zubar da jini, wannan ya fi ƙarfin aikin aji.

Inda ruɗanin ya samo asali

Turanci harshe ne da ya ci gado daga gidaje da yawa. Akwai tsohon harshen mutanen Ingila na asali. Akwai kalmomin mayaƙan arewacin Turai da suka mamaye gabashin ƙasar tun ƙarni na 9. A 1066 Normawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, sannan coci da malaman jami'a suka yi ta shigo da Latin da Girkanci. Kowane gida ya zo da kalmarsa ta fushi da ta tsoro. Ba a kori ko ɗaya ba, sai kowace ta kama wani lungu na ma'ana ta zauna. Bahaushe ma ya san irin wannan, domin "nadama" da "hassada" da "tuba" daga Larabci suka shigo, suka sami "da-na-sani" da "ƙyashi" a gida, kuma har yau kowace da inda ta fi dacewa.

Makaranta ta ƙara wa abin gishiri. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB a Kagoro ko Zonkwa ana horar da shi a kan zaɓar kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana. Yana fita da jerin kalmomi a kansa kamar 'yan gida ɗaya, ba wanda ya tsaya ya nuna masa inda suka rabu.

Sai kuma Turancin Najeriya, wanda ya yi nasa gyaran. A Ingila wanda ya ce shi "annoyed" ne, ɗan haushi ya ji, irin na wanda mota ta makara masa. A nan sau da yawa mai faɗin haka ransa ya ɓaci sosai. Ba'amurke in ya ce wani "mad" ne yana nufin ya yi fushi, a nan kuwa an kira shi mahaukaci, kuma faɗa na iya tashi. A Turancin buroka, wanda ya sami gindin zama a Kafanchan tun bayan da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927 ya tara ma'aikata daga Kudu, kalmar "vex" ita kaɗai ta ɗauke komai, daga ɓacin ran yaro har zuwa harzuƙar gari.

Dangin fushi

Uwar gidan ita ce "anger", wadda ta yi daidai da fushi a faɗinsa. Ba ta faɗin ko fushin na gaskiya ne ko na banza, ba ta faɗin ko mai shi ya mallaki kansa. Abin sha'awa, a harshen mutanen arewacin Turai da ta fito daga ciki, ma'anarta baƙin ciki da ƙunci ne, kuma dangi ɗaya take da "anguish" da "anxiety", duka daga saiwar da ke nufin matsewa ko shaƙewa.

"Rage" fushi ne da ya ƙwace linzami. Asalinta kalmar Latin ce ta hauka, wadda daga gare ta aka samo sunan ciwon haukan kare. Wanda aka siffanta da ita ya fita hayyacinsa, zuciya ta ɗebe shi, idonsa ya rufe. "Fury" kusa take da ita, sai dai ta fi karkata ga ɓarna da ramuwa, domin Rumawa suna kiran allolin ɗaukar fansa na tatsuniyoyinsu da wannan suna. "Wrath" kuwa fushin na sama ne a kan na ƙasa, fushin mai ikon hukunci. Shi ya sa aka fi jin ta a wa'azi in ana maganar fushin Ubangiji, ba a cika jingina ta ga talaka ba sai da zolaya.

Akwai biyu da suka sha bamban da waɗannan, kuma su ne aka fi yi wa gurguwar fassara. "Indignation" fushi ne da mutum yake yi don ya ga an yi abin da bai kamata ba, ko da ba shi aka yi wa ba. Tana ɗauke da da'awar cewa mai fushin yana da gaskiya. "Outrage" ita ma haka take, sai dai ta fi zafi, kuma yawanci ta jama'a ce. Duk da kamar da ta yi da "rage" a rubuce, ba dangi ba ne: daga tsohon Faransanci ta zo, ma'anarta wuce gona da iri. In jarida ta ce kisan da aka yi a wani ƙauye ya jawo "outrage", abin da take nufi shi ne mutane sun yi tir, sun yi Allah wadai. Tafintan da ya mayar da ita "mutane sun harzuƙa" ya sauya labarin. Ya mayar da masu neman a bi musu haƙƙi masu shirin ɗaukar makami, kuma wanda ya ji fassarar a wata unguwa zai kwana da shiri.

Fushin da ya kwana

Nan ne maganar ta fi shafar Kudancin Kaduna. "Resentment" ta fito daga kalmar Faransanci mai nufin sake jin abu, wato ciwon da mutum yake ta maimaita wa kansa. Ita ce riƙo a Hausa, ko ƙullatar mutum a zuci. "Grudge" riƙo ne a kan wani laifi takamaimai da aka ƙi mantawa, ita ce ke haifar da gaba. "Bitterness" kuwa sai riƙon ya daɗe har ya ɓata wa mutum ɗanɗanon komai. In fushi wutar kara ce mai tashi da sauri ta mutu da sauri, waɗannan wutar ƙaiƙayi ce, sama toka, ƙasa tana ci.

Malaman addinan yankin duka biyu sun daɗe da raba waɗannan. Imam Gazali ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan fushi da riƙo da hassada, inda ya bayyana cewa fushin da aka haɗiye don an kasa hucewa shi ne yake komawa ciki ya zama riƙo. A babi na 4 na wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa ma an ambaci ɗacin rai da hasala da fushi kowanne da sunansa. Mai zuwa masallaci da mai zuwa coci a Kafanchan, waɗanda galibi da Hausa suke jin wa'azi, ba baƙin wannan rarrabewa ba ne. A Turancin jarida ne take ɓacewa.

Sai "grievance", wadda mutane da yawa suke sawa a layin fushi alhali ita ba yanayin zuciya ba ce tsantsa. Ƙorafi ce, koke ne mai dalili, abin da za a iya rubutawa a kai gaban hukuma. Tushenta ɗaya da "grief", baƙin cikin rashi, duka daga kalmar Latin mai nufin nauyi. Muhimmancinta shi ne tana da abin da ake nema: gona, sarauta, kasuwa, burtali, diyya, hukunta wanda ya yi kisa.

Rikicin Zangon Kataf misali ne a sarari. A watan Fabrairu na 1992 batun sauya wa kasuwa matsuguni ya tayar da faɗa tsakanin Atyap da Hausawan garin, a watan Mayu kuma abin ya dawo da muni har ya bazu zuwa Kaduna da Zariya. Wanda ya kira wannan "rage" kawai ya ba da labarin kwanakin da aka yi ana kisa. Amma a ƙarƙashinsa akwai ƙorafin shekaru masu yawa a kan mallakar ƙasa da kuma mulkin masarautar Zazzau a kan al'ummomin da suke ganin kansu daban, su ma Hausawan garin suna da nasu koken, na mutanen da suka yi ƙarnoni a wuri ana ce musu baƙi. Da gwamnati ta taɓa ɓangaren sarauta, ta ba Atyap da Bajju masarautunsu a tsakiyar shekarun 1990 zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, sannan Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wasu bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000, ƙorafi ne aka amsa. Ba a kawar da rikici ba, rikicin bayan zaɓen 2011 shaida ne, amma an rage ɗaya daga cikin abubuwan da ake faɗa a kai.

"Hatred", ƙiyayya ko tsana, wani abu ne dabam da duk waɗannan. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce masanin falsafar Girka Aristotil ya raba ta da fushi ta hanyar da har yau ba a fi ta ba. A wurinsa fushi yana kan mutum ɗaya da ya yi maka laifi, ƙiyayya kuwa tana iya hawa kan jinsin mutane dungurungum. Lokaci yana warkar da fushi, ba ya warkar da ƙiyayya. Mai fushi so yake wanda ya ɓata masa ya ɗanɗana, ya san dalili. Mai ƙiyayya so yake a wayi gari babu shi. Saboda haka marubucin da ya ce abin da ke tsakanin al'ummomin Kudancin Kaduna tsohuwar "hatred" ce, ya yanke hukuncin cewa babu magani, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma hukuncin bai dace da abin da ido ke gani ba. Mutanen da ake cewa suna ƙin juna su ne suke cinikin citta tare a Kachia da Kwoi, Bafulatani yana kai nono gidan Bajju, ana auratayya, ana zuwa jana'izar juna. Akwai masu ƙiyayya ta gaske, kuma sun yi ɓarna, amma ba sunan kowa ba ne.

Abin da doka ta ce

A kotu wannan bambanci yana iya zama tsakanin rai da mutuwa. Kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukuncin kisa a sashe na 221 ga wanda ya kashe mutum da gangan. Sashe na 222 kuma ya fitar da wanda aka yi wa mummunar tsokana ta ba-zata har ya kasa mallakar kansa, hukuncinsa ba kisa ba ne. Jihar Kaduna ta yi nata sabon kundin a 2017, amma ƙa'idar tana nan. Alƙalai suna duba ko tsokanar mai tsanani ce, ko ta zo ne kwatsam, ko an yi aikin kafin zuciya ta sami lokacin hucewa, da ko martanin ya yi daidai da tsokanar. A taƙaice doka tana sassauta wa wanda zuciya ta ɗebe nan take, ba ta sassauta wa mai gaba. Wanda ya tafi gida ya kwana, ya wasa adda, ya tara abokai, ya fita daga wannan rangwame.

Wannan ne ya sa ya kamata a yi hattara da kalaman da jaridun Najeriya suka saba da su, irin su "irate youths" da "angry mob", wato fusatattun matasa. Kalmomin suna nuna abu ne da ya ɓarke ba shiri. In harin da ake ba da labarinsa an kai shi da tsakar dare, da bindigogi, an kewaye ƙauye ta ko'ina, to kiran maharan fusatattu wanke su ne ba da niyya ba. Haka in an tare hanya an zaɓi matafiya ta hanyar sunansu ko addininsu.

Dokokin duniya ma sun ware ƙiyayya. Sashe na 20 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ya wajabta hana yaɗa ƙiyayyar ƙabila ko addini da ta kai ga ingiza mutane su nuna wariya ko su yi ta'adi. Tsarin Rabat na 2012 ya zo da ma'aunai shida na gane irin wannan magana: yanayin da aka yi ta, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan inda maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da cuta. Manufar ma'aunan ita ce kada a kama mai kuka da zafi a ce masa mai kalaman ƙiyayya. Matar da aka kashe wa miji ta tsaya gaban kyamara ta zagi gwamnati, fushi take yi, kuma tana da 'yancinsa.

Tsoro da danginsa

A nan ma akwai tarihi. A 1957 gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin Sir Henry Willink, aikin da aka ba shi a rubuce shi ne ya binciki "fears" na ƙananan ƙabilu da hanyar kwantar da su. Mutanen tsakiyar Najeriya, har da na Kudancin Zariya kamar yadda ake kiran yankin a lokacin, suna cikin waɗanda abin ya shafa. Rahoton da ya fito a 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, ya ba da shawarar a sa haƙƙoƙin ɗan'adam a tsarin mulki. Ana iya cewa kalmar da aka zaɓa tun farko ta riga ta share hanyar amsar: tsoro lallashinsa ake yi, ƙorafi kuwa biyansa ake yi.

"Fear" tsoro ne na abin da aka sani. "Anxiety" fargaba ce ko zullumi a kan abin da bai zo ba, wataƙila ma ba zai zo ba. "Dread" ta fi ta nauyi, ita ce ta wanda ya tabbata abin yana tafe, kamar manomin da zai je gona mai nisa a lokacin da ake kai hare-hare. "Panic" firgici ne na farat ɗaya mai kore tunani, mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Girkawa sun jingina shi ga wani abin bautarsu mai suna Pan, wanda suka ce yana razana garke a daji. Ita ce kalmar ranar da jita-jita ta shiga kasuwa, kowa ya rufe shago yana gudu ba tare da ya san abin da ya koro shi ba. Maganinta sahihin labari da wuri. Wannan magani ba ya yi wa "dread" komai, sai an ga jami'an tsaro a hanyar gona.

"Terror" da "horror" su ma ba ɗaya ba ne. Ta farko razana ce don ranka yana cikin haɗari. Ta biyu, wadda asalinta yake nufin tashin tsigar jiki, ita ce abin da mutum yake ji in ya ga mugun abin da aka yi, ko da shi yana cikin aminci. Wanda ya tsere cikin dare ya ji ta farko, wanda ya zo da safe ya ga gawarwaki ya ji ta biyu.

Baƙin ciki, makoki da rauni

"Sadness" da "sorrow" baƙin ciki ne, ta biyun ta fi zurfi da daɗewa. "Grief" ta keɓanta da rashi, ita ce alhinin da ke cikin zuciya. "Mourning" kuwa abin da ake gani ne a waje: zaman makoki, takaba, baƙaƙen kaya, addu'ar uku da bakwai da arba'in. Gwamnati tana iya ayyana kwanakin makoki ta kuma rufe su, alhini ba ya bin kalanda.

Kalmar da ta fi yawo a bakin ƙungiyoyin agaji yanzu ita ce "trauma". A Girkanci rauni take nufi, kuma likitoci suna amfani da ita a kan raunin jiki da na ƙwaƙwalwa. Ba kowane baƙin ciki ne ya kai nan ba. Ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa a kundinsu a 1980, yana da alamominsa: abin ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, mugun mafarki, gudun duk abin da zai tuna masa, zabura a kan ƙaramin motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ware alhinin da ya ƙi sauka a matsayin lalura ta daban, in ya wuce aƙalla wata shida kuma ya zarce abin da al'adar mutum ta saba. Bayan zaɓen Afrilun 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa 12, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka yi kisa mai yawa a Zonkwa da Matsirga, da kuma bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf daga 2016 zuwa gaba, an bar dubban mutane da alhini ko raunin ƙwaƙwalwa. Mai alhini yana bukatar dangi da lokaci. Mai raunin ƙwaƙwalwa yana bukatar likita, kuma ce masa ya yi haƙuri kawai ba ya isa.

Nadama da neman gafara

"Sorry" a bakin ɗan Najeriya sau da yawa "sannu" ce. Ana faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe, ba don an ture shi ba. Ko a Turancin Ingila kalmar tana da fuska biyu, ta jaje da ta amsa laifi, kuma 'yan siyasa sun san amfanin wannan. "Regret" takaici ne cewa abu ya faru, ba lallai mai faɗa ya ɗauki alhakinsa ba. "Remorse", wadda asalinta yake nufin sake cizo, ita ce nadamar wanda ya san shi ya aikata, abin yana cin sa. "Apology" kuwa aiki ne: a fito a ce mun yi, ba daidai ba ne, a yafe mana.

Ƙasashe suna auna waɗannan kalmomi da ma'aunin zinariya. A watan Yunin 2013 sakataren harkokin wajen Birtaniya William Hague ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa gwamnati tana "regret" a kan azabtar da 'yan Kenya a zamanin tawayen Mau Mau, aka biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar mutum 5,228, amma gwamnatin ta ce ba ta amsa alhaki a shari'ance ba. Da Sarki Charles ya je Nairobi a 2023 ya yi maganar baƙin ciki da takaici, bai nemi gafara ba, kuma 'yan Kenya da dama sun lura da haka.

Idan aka auna da wannan, za a ga nauyin abin da aka yi a Kafanchan. Yarjejeniyar 2016 ta ƙunshi neman gafara a fili daga al'ummomin da kansu, kuma a watan Nuwamba na shekarar Gwamna Nasir El-Rufai ya buɗe allon da ke ɗauke da wannan neman gafara a Samarun Kataf. Sai dai makonni kaɗan bayan haka, a jajibirin Kirsimeti, aka kai hari Goska kusa da Kafanchan. Kalmar da ta dace ba ta tare harsashi.

Masana ba su yi ittifaƙi ba

Akwai masu ganin duk wannan rarrabewa ado ne na harshe. Masanin halayyar ɗan'adam Paul Ekman, wanda ya yi bincike a tsakanin mutanen Fore na Papua New Guinea a ƙarshen shekarun 1960, ya tafi a kan cewa akwai 'yan yanayoyi na asali da duk ɗan'adam yake da su kuma ake gane su a fuska: fushi, tsoro, baƙin ciki, farin ciki, ƙyama da mamaki. A wannan ra'ayi, "rage" da "fury" da "indignation" rassa ne na bishiya guda.

Wasu sun saɓa masa. Masaniyar harshe Anna Wierzbicka ta yi gargaɗin kada a ɗauki kalmomin Turanci a matsayin ma'aunin zuciyar duniya, domin "anger" kalmar Ingilishi ce kafin ta zama komai. Lisa Feldman Barrett, a littafinta na 2017, ta ce ƙwaƙwalwa tana gina yanayin ne da taimakon kalmomin da mutum ya mallaka, kuma wanda ya iya bambance takaici da fushi da kunya ya fi iya sarrafa kansa. Wani bincike da Joshua Conrad Jackson da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2019 ya duba harsuna 2,474, ya gano cewa dangantakar kalmomin ta bambanta daga dangin harshe zuwa wani: a wasu harsunan yankin Kokeshiya fushi ya fi kusa da hassada, a harsunan tsibiran tekun Fasifik kuma ya fi kusa da ƙiyayya. Amma binciken ya kuma nuna cewa ko'ina ana raba mai daɗi da marar daɗi, da mai tayar da jiki da mai kwantar da shi. Kowane ɓangare ya sami abin riƙewa.

Akwai kuma suka ta siyasa, wadda ake ji a yankin kanta. Masu ita suna cewa wanda aka ƙone wa gida ba ruwansa da ko an kira abin da yake ji "anger" ko "outrage", kuma tsayawa tace kalmomi hanya ce ta sanyaya maganar da ya kamata ta yi zafi. Akwai gaskiya a ciki, domin an sha amfani da lafazi mai laushi a binne laifi. Sai dai wannan hujja ce ta a faɗi kalmar da ta dace ko da mai zafi ce. Ba ta zama hujjar a ɗauki kowace aka ga dama ba.

Abin da kan biyo baya

Sunan da aka ba abu shi yake nuna ofishin da za a kai shi. In rahoto ya ce "rage", abin da gwamnati za ta tura shi ne sojoji da dokar hana fita, in ƙura ta lafa a ce an gama. In ya ce "hatred", sai a kira malamai da fastoci su yi wa'azi, ko kuma a ɗaga kafaɗa a ce haka suke tun kaka da kakanni. In ya ce "grievance", dole a buɗe fayil, a nemo rahoton kwamitin Mai Shari'a Rahila Cudjoe kan rikicin Zangon Kataf na 1992 da na Sheikh Ahmed Lemu kan rikicin zaɓen 2011 a ga abin da aka aiwatar da abin da aka bari. Wannan ta ukun ita ce ta fi wahala, ita ce kuma ta fi dacewa da yawancin abin da ke damun yankin.

Ƙamus na taimakawa, daga na Bargery na 1934 zuwa na Turanci da Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, amma ƙamus kalma yake bayarwa, ba ya zama a zauren sulhu. Aikin yana wuyan masu fassara labarai a gidajen rediyo, da tafintocin kotu, da malaman Turanci da Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. Ya dace Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2017, ta tara su tare da dattawan da suka ƙware a Jju da Tyap da Hyam da Fulatanci, su fitar da ɗan littafin waɗannan kalmomi da misalan amfaninsu, a raba wa ɗakunan labarai da kotuna da duk wanda za a ba aikin tafinta a zaman sulhu na gaba.